Gidan tarihin sojan saman Birtaniya da ke Hendon: shiga kyauta ce, amma ka ware masa yini guda

Baƙon da ya zo Landan daga gida, wuraren da ake kai shi ba sa wuce ƙofar fadar Buckingham, gadar Tower, sai kuma shagunan titin Oxford inda guzirinsa zai ƙare kafin la'asar. Ni duk wanda ya sauka wurina, in dai na lura yana da sha'awar ƙarfe da inji, Hendon nake kai shi, gidan adana kayan tarihi na rundunar sojan saman Birtaniya, wanda suke kira RAF Museum. Yana arewa maso yammacin birnin. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Northern za ka shiga, reshen da ke zuwa Edgware, ka sauka a Colindale, ka taka da ƙafa kamar minti goma sha biyar. Ba a biyan ko sisi a ƙofa, sai dai wanda ya zo da mota zai biya kuɗin ajiye ta. Ƙarfe 10 na safe ake buɗewa, kuma shawarata ka kasance cikin waɗanda za a buɗe wa, domin wurin ya fi ƙarfin awa biyu.

Filin kansa tsohon filin jirgin sama ne. Wani attajiri mai son tuƙin jirgi, Claude Grahame-White, shi ya raya shi tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma daga nan aka fara ɗaukar wasiƙu ta sama a Ingila a 1911, zuwa Windsor. Sarauniya Elizabeth ta buɗe gidan tarihin a watan Nuwamban 1972. Yanzu gidajen kwana sun zagaye shi, babu jirgin da ke tashi ko sauka. Wanda ke son jin rugugin inji da ƙaurin mai, Duxford ya kamata ya nufa, can kusa da Cambridge. A Hendon jirage a tsaye suke cikin manyan rumfuna shida, uku daga ciki a haɗe, kana zagaya su, wasu ma kana bi ta ƙarƙashinsu.

Zuwana na baya-bayan nan da Kawu muka je, wanda ya shekara da shekaru yana gyaran manyan motoci a Kano kafin gwiwa ta zaunar da shi. Tun a hanya na roƙe shi abu ɗaya, kuma shi nake roƙon duk mai niyyar zuwa: kada girman jirgi ya ɗauke maka hankali, ka duba rubutun da ke jikinsa. Ƙaramar lambar da ke kusa da wutsiya ita ce sunan wannan jirgin shi kaɗai, ba ya raba ta da kowa. Manyan haruffa biyu da ke gefen zagayen tambarin kuwa, a jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, su ke nuna sikwadiron ɗin da jirgin yake, wato ƙaramar rundunar da ta ƙunshi jirage goma sha biyu zuwa ashirin da wani abu, da matuƙansu da makanikansu. Harafi na uku shi ne matsayinsa a cikin rundunar. Waɗannan rundunoni suna tafiya ne kamar sarautar gargajiya: mai riƙe da ita ya rasu, a naɗa wani, doki ya tsufa a sake shi, amma suna da tuta da kirari suna nan. Idan ka kama wannan zaren, sai kowane jirgi ya zama mai labari. Idan ba ka kama ba, kafin azahar duk sun zame maka iri ɗaya, ƙafa kawai ke ciwo.

A rumfar farko, ba nisa da shiga, akwai wani jirgi mai fukafukai biyu sama da ƙasa, na katako da yadi, an ɗaure shi da wayoyi. Sunan samfurinsa DH.9A. Yawancin masu ziyara wuce shi suke yi, suna hanzarin zuwa wurin ƙaton jirgin da ke gaba. Bakano bai kamata ya wuce shi ba, domin irinsa ne jirgin sama na farko da ya taɓa sauka a Kano. Guda uku ne, na runduna ta 47, suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira a ƙarshen Oktoban 1925, suka bi ta Sudan da Maiduguri, suka sauka a filin wasan dawakai na Kano ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarki Usman, shekara guda kafin Sarki Abdullahi Bayero ya hau gado. Jagoran tafiyar Arthur Coningham ne, wanda daga baya ya shugabanci sojan saman Birtaniya a yaƙin hamadar Arewacin Afirka, kuma a 1948 jirgin fasinjan da yake ciki ya ɓace a teku kusa da Bermuda, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Kawu ya daɗe a gaban hancin jirgin. Injinsa ɗan Amurka ne, Liberty, mai silinda 12 da ƙarfin doki 400, kuma da ruwa ake sanyaya shi. Abin da ya tsaya masa a rai ke nan.

"Kai ɗan nan," ya ce, "wannan lagireton zai iya da zafin Fasher? Ai tafasa zai yi tun kafin su ga Borno."

Na ce, "Kawu, kun gano abin da su ma suka gano." Waɗanda aka tura ƙasashe masu zafi sai da aka ƙara musu lagireto na biyu a ƙarƙashin hanci, kuma sukan ɗaure sifiya taya a jikin jirgin, da salkar ruwa da kayan gyara, saboda in ya sauka a daji babu gareji. Kawu ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba shi gaskiya a gaban alƙali.

Wanda ke Hendon, mai lamba F1010, bai taɓa zuwa Afirka ba, amma nasa yawon ma ba kaɗan ba ne. Na runduna ta 110 ne, wadda Nizam na Hyderabad, hamshaƙin basarake Musulmi a Indiya, ya saya wa jirage da kuɗinsa, shi ya sa aka laƙaba mata sunan Hyderabad. A Oktoban 1918, saura makonni yaƙi ya ƙare, aka tilasta masa sauka a Jamus. Jamusawa suka ajiye shi a gidan tarihinsu na Balin, da wutar yaƙi na biyu ta kai can aka kwashe shi zuwa Poland, ya zauna a Krakow babu fukafukai har 1977, lokacin da Ingila ta bayar da jirgin yaƙi samfurin Spitfire guda ta karɓo shi. Fukafukan da ke jikinsa yanzu sababbin ƙira ne.

Ba zan ɓoye abin da ke zuwa mini a rai a gabansa ba. Yayan wannan samfurin da ya tara jama'a kallo a Kano, wato DH.9, shi ne a farkon 1920 aka kai guda goma sha biyu Somaliya aka yi wa ganuwoyin Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan ruwan bama-bamai, har gwagwarmayarsa ta shekara ashirin ta karye cikin makonni. Da shi DH.9A ɗin kansa kuma aka riƙa ladabtar da ƙauyukan Iraƙi da na iyakar Afganistan idan sun ƙi haraji ko sun yi bore, saboda jirgi ya fi bataliyar soja araha. Tafiyar Kano ma ba ziyarar zumunci ba ce, gwajin hanya ce da nuna wa talakawan mulkin mallaka abin da mai mulki ya mallaka. Ina son jirgin don ƙirarsa, kuma ina kallonsa da wannan sanin. Ita kuwa runduna ta 47 ta yi tsawon rai: ta daɗe a Hartum, tambarinta kan wani tsuntsu ne dangin gauraka, kirarinta yana ambaton Kogin Nilu, kuma sai a 2023 aka rufe ta bayan ta shafe fiye da shekara hamsin tana tuƙa jirgin dakon kaya Hercules.

Ƙaton da ke jan mutane a wannan rumfa Sunderland ne, jirgi mai inji huɗu wanda a kan ruwa yake sauka, cikinsa kwale-kwale ne, yana da anga da gadaje da wurin dafa abinci, domin yakan yi fiye da awa goma a sama yana farautar jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus. Irinsa sun yi aiki daga Firitawun da Banjul da Apapa a Legas. Ya cancanci tsayawa, amma kada ka ba shi fiye da rabonsa.

Rumfa ta biyu ta Yaƙin Duniya na Ɗaya ce, a cikin tsohon ginin masana'antar Grahame-White da aka tayar aka sake ginawa a nan. Ga Sopwith Camel, ga Fokker D.VII na Jamusawa. Abin da ya fi burge Kawu shi ne injin da ke juyawa gaba ɗayansa tare da farfela, yana watsa wa matuƙi man zurma a fuska. Mun yi sauri a nan, ba don ba ta da kyau ba, sai don na san abin da ke jiran mu a gaba.

Rumfunan nan uku da ke haɗe su ne zuciyar wurin. Akwai Spitfire da Hurricane na farko-farko, waɗanda suka yi yaƙin sararin samaniyar Birtaniya tsakanin Yuli da Oktoban 1940, ga kuma abokan karawarsu na Jamus a kusa, har da Stuka mai lanƙwasassun fukafukai. Spitfire ya kwashe suna saboda kyan surarsa, amma a wannan yaƙin Hurricane ya fi yawa, kuma shi ya fi kakkaɓo jirage. Makanikai ma sun fi son sa, domin bayansa yadi ne a kan ƙarafa, harsashi ya huda a liƙe da faci jirgi ya koma sama. Haruffan PR da ke jikin Spitfire ɗin na runduna ta 609 ne, ta mutanen Yorkshire waɗanda asalinsu 'yan sa-kai ne masu koyon tuƙi a ƙarshen mako.

A nan ne nakan ba baƙona labarin da ya kamata ya shigo da shi a aljihu. Akwai rundunar Spitfire da ta ɗauki sunan ƙasarmu, runduna ta 91, wadda a hukumance ake kira ta Nijeriya, saboda kuɗin taimakon yaƙi da aka tara a ƙasar. An kafa ta a Janairun 1941 a Hawkinge, bakin tekun da ke kallon Faransa, haruffanta DL. Ba 'yan Nijeriya ne ke tuƙa jiragen ba, kuɗinmu ne ya je. Aikinta na farko leƙen asiri ne a gaɓar teku, jirgi ɗaya ko biyu su fita da asuba su dubo motsin abokan gaba. A 1944 aka sa ta tare bama-baman V-1 masu tashi da kansu, kuma a wannan aikin wani matuƙinta Bafaranshe, Jean Maridor, ya rasa ransa a watan Agusta, ya matsa kusa da bam ɗin ya harbe shi don kada ya faɗa kan wata makaranta da aka mayar asibitin soja a Benenden, fashewar ta haɗa da shi. 'Yan'uwanmu na Gana su ma suna da tasu, runduna ta 218 mai sunan Gold Coast, ta manyan jiragen jefa bam.

Sai Kittyhawk ɗan Amurka, wanda aka zana wa bakin kifin shak da haƙora a hanci, alamar runduna ta 112 ta yaƙin hamada. Yara suna son sa saboda haƙoran. Ni ina son sa saboda ire-irensa sun sha ƙurar Kano. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940 Bahar Rum ta zama haɗari, sai aka riƙa kawo jirage a akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi, a harhaɗa su a can, su tashi ayari-ayari, babban jirgi mai ɗauke da masanin hanya a gaba, ƙananan suna bin sa: Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ita ce Injamena, Jinaina, Fasher, Hartum, har Alƙahira, tafiyar kusan mako guda. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya kafin ƙarshen 1943. Kusan sawun da Coningham ya taka a 1925 ne aka bi ta baya, kuma su ne jiragen da suka riƙa isa hannunsa a hamada. Wannan zirga-zirga tana cikin abin da ya ɗaga filin jirgin Kano ya zama mahaɗa. Kawu ya ce mahaifinsu yakan ba su labarin yadda a lokacin yaƙin Hitila ƙarar jirage ke firgita jakuna a hanyar kasuwa, bai taɓa sanin inda suke dosa ba sai ranar.

Idan lokaci ya ƙure maka har sai ka zaɓi abu ɗaya, rumfar jiragen jefa bam za ka zaɓa. Lancaster mai lamba R5868 yana tsaye a can, baƙi, hancinsa sama da kan mutum sosai. Ya fita aiki sau 137 ya dawo, a zamanin da da yawa cikin 'yan'uwansa ba sa kaiwa talatin. Ya fara da runduna ta 83, sannan ya koma ta 467 ta 'yan Ostareliya, haruffanta PO ne ke jikinsa har yau. An jera ƙananan zanen bam a gefen hancinsa, kowane ɗaya fita guda, a ƙasa kuma an rubuta alfaharin da Goering, shugaban sojan saman Jamus, ya yi cewa babu jirgin abokan gaba da zai ratsa samaniyar Jamus, don a yi masa ba'a. Mutum bakwai ke cikinsa, yawancinsu samari 'yan shekara ashirin da kaɗan. Cikin kimanin 125,000 da suka yi wannan aiki, 55,573 sun mutu. A ƙasa kuwa, biranen Hamburg a 1943 da Dresden a 1945 sun ƙone da dubun-dubatar mata da yara da tsofaffi. Duka biyun gaskiya ne, kuma jirgi ɗaya ne ya ɗauko su.

Kusa da shi akwai abin da na fi yaba wa masu gidan a kai. Wani Halifax ne na runduna ta 35, mai lamba W1048, wanda a fitarsa ta farko, a Afrilun 1942, aka tura shi kai wa jirgin ruwan yaƙin Jamus Tirpitz hari a Norway. Aka harbe shi ya kama wuta, matuƙin ya kwantar da shi a kan wani tafki da ya daskare, mutanen duk suka fita da rai, shida suka tsallaka Sweden, ɗaya da ya karye a ƙafa aka kama shi. Ƙanƙara ta narke jirgin ya nutse, sai a 1973 aka tsamo shi. Ba su yi masa kwaskwarima ba. Yana kwance a kan cikinsa yadda aka fito da shi, fatarsa a yage, ƙarafansa a waje. Sauran jiragen an goge su suna sheƙi har mutum ya manta abin da aka ƙera su domin shi, wannan ba ya barin ka manta. Kawu ya zagaya shi a hankali yana duba yadda aka yi ribit ɗin, ya ce aikin hannu ne na mutanen da ba su yi ha'inci ba.

Vulcan ma yana nan, mai fiffike kamar alwatika, wanda aka ƙera don ɗaukar makamin nukiliya. Za ka iya tsayawa a ƙarƙashinsa ka ɗaga kai ka ga ramin bam. Na runduna ta 617 ne, wadda ta yi suna tun Mayun 1943 da ta fasa madatsun ruwan Möhne da Eder a Jamus da Lancaster 19, takwas ba su dawo ba. Ka ga yadda lamba ɗaya ta tashi daga jirgi mai farfela ta koma kan jet, yau kuma tana kan F-35.

Rumfa ta shida ta zamani ce, daga 1980 zuwa yau: Tornado, Harrier mai tashi tsaye, jirgi marar matuƙi, da allunan taɓawa da yara ke rububi. Ita ce ta fi ƙarancin riƙe ni, wataƙila don labaranta ba su gama nuna ba, har yanzu a jaridu suke. Abu ɗaya ya tsayar da ni, Jaguar, ƙirar haɗin gwiwar Birtaniya da Faransa. Nijeriya ta sayi guda 18, suka fara isowa a 1984, aka ajiye su a Makurɗi, kafin a yi nisa cikin shekarun 1990 duk an daina tashi da su saboda tsadar kulawa. Su a can sun mori nasu har 2007, sun kai shi yaƙin Tekun Fasha, sannan suka rataye ɗaya don 'ya'yansu su gani. Kawu bai ce komai ba, tsaki kawai ya yi, kuma na fahimce shi.

Wasu 'yan abubuwa ga mai shirin zuwa. Rumfunan manya ne, in lokacin sanyi ne kada ka cire rigar sanyinka. Ƙasa a shimfiɗe take, akwai kujerun hutawa, Kawu da gwiwarsa bai sha wahala ba. Akwai wurin shan shayi da cin abinci a ciki, mu dai da guzirinmu muka je, muka ci a filin ciyawar da ke tsakiya, a nan muka yi azahar ba wanda ya kalle mu sau biyu. Akwai filin wasan yara mai siffar jirage, akwai kuma na'urorin kwaikwayon tuƙi da damar zama cikin Spitfire, waɗannan na kuɗi ne, kuma ko ba ka yi su ba ba ka yi asara ba. Ka nemi dattawan nan masu aikin sa-kai da ke yawo tsakanin jiragen, da yawansu tsofaffin ma'aikatan rundunar ne, tambaya ɗaya za ka yi su buɗe maka abin da ba ya kan allo. Ɗayansu ya tsaya da Kawu a gaban injin Merlin, irin na Spitfire da Lancaster, da aka fito da shi fili, ina yi musu tafinta, har sai da hannu da nuni suka ishe su suka daina buƙata ta.

Shagon da ke bakin fita yana da littattafai, bajojin rundunoni na ɗinkawa a riga, da ƙananan jiragen roba na Airfix da mutum ke harhaɗawa da kansa. In za ka saya wa yaro, ɗauki ƙaramin akwatin masu koyo wanda ya zo da gam da fenti da buroshi a ciki, domin yawancin manyan akwatunan ba sa zuwa da su, sai ka isa gida ka ga aiki ya tsaya. Kuma in Kano za ka kai shi, saka shi a babbar jaka da za a auna, kada ka riƙe a hannu, saboda gam da fentin suna iya jawo maka tsaiko wurin bincike a filin jirgi.